ƘARIN JINI: AIKIN DA BA YA KARƁAR KUSKURE

Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi cikin watan Agusta ko Satumba, ya san irin mutanen da akan sauke a bakin ƙofa da tsakar dare. Ga yaro daga wajen Bakori, zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini har tafin hannunsa ya yi fari fat. Ga mace daga ƙauyukan Ƙafur, ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Ga kuma waɗanda mota ta faɗi da su a hanyar Zariya. Sau da yawa magana guda likita zai yi, watau sai an ƙara jini. Daga nan sai hankalin dangi ya tashi, su yi ta matsa wa ma'aikacin ɗakin gwaji, suna ganin jinkirinsa wulaƙanci ne. Abin da muke so mu bayyana wa jama'a yau shi ne, wannan ɗan jinkiri shi ne ran majinyacinsu.

Buƙatar jini a ƙasarmu tsohuwar magana ce. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, a Ingila, sun zauna a ƙasar Malumfashi suna binciken cututtukan manoma, har da saran kububuwa, wadda dafinta kan hana jini daskarewa. Daga 1976 zuwa 1979 kuma, Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna cewa matan da ba su zuwa awon ciki, sai naƙuda ta tsananta a kawo su, su ne suka fi mutuwa. To, irin waɗannan mata su ne mafi yawan masu jiran jini.

YADDA AKA GANE SIRRIN JINI

A da, in aka ƙara wa mutum jini, wani ya tashi, wani ya mutu nan take, ba wanda ya san dalili. Sai a 1901 wani likita a birnin Biyana, Karl Landsteiner, ya gano cewa jinin 'yan Adam rukuni-rukuni ne. Yau mun san su huɗu ne, A da B da AB da O. A 1940 aka ƙara gano wata alama da ake kira Rh, wadda wasu ke da ita, wasu babu. In aka sa wa mai rukunin O jinin A, jikinsa zai farfashe baƙon jinin, ƙoda ta tsaya, kuma abin da bai kai rabin kofi ba yana iya kisa. A 1914 aka sami sinadarin da ke hana jini daskarewa bayan an ɗebe shi, sa'an nan a 1937 aka buɗe shahararriyar ma'ajiyar jini ta asibitin Cook County a Shikago, ta Amurka.

Tun da jini ya zama abin ajiya, sai aikin ya zama sarƙa, hannu da yawa ke taɓa ta. Dattawanmu sun tuna zamanin kasuwar auduga, sa'ad da malamin duba kan buɗe kowane buhu kafin a ɗora a kan sikeli, ya ce wannan lamba ɗaya, wancan lamba biyu. Ba don ya raina manomi ba ne, ƙa'idar aikin ke nan. Haka ma'ajiyar jini take, sai dai ita ba ta da lamba biyu. Leda ko ta cika sharaɗi duka, ko a zubar.

MATAKAN DA BA A TSALLAKEWA

Na farko, zaɓen mai bayarwa. Akan tambaye shi lafiyarsa, a auna nauyinsa da ƙarfin jininsa. Amsa da gaskiya wajibi ce, gama cutar da ta shiga jiki kwanan nan tana iya ɓoye wa gwaji.

Na biyu, gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sa wa kowa jini sai an gwada shi domin ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, B da C, da tunjere. Kayan gwajin su ma akan jarraba su da jinin da aka riga aka san halinsa, kuma wanda wa'adinsa ya wuce ba a amfani da shi.

Na uku, ajiya. Jini na zama cikin firji tsakanin digiri 2 zuwa 6, kuma irin ledar da aka fi amfani da ita tana riƙe shi kwana 35. In ya yi ɗumi ƙwayoyin cuta su hayayyafa, in ya ƙanƙare ya lalace. Saboda haka a ƙasar da wuta kan ɗauke, lalle ne a sami janareta ko wutar sola, a kuma riƙa rubuta sanyin firjin a littafi kullum, da sa hannun wanda ya duba.

Na huɗu, haɗa jinin majinyaci da na ledar a ɗakin gwaji, a ga ko sun karɓi juna. Wannan shi ne aikin da kan ci kusan awa guda, wanda dangi ke ƙorafi a kansa.

Na biyar, bakin gado. Kafin a rataya leda, sai a tambayi majinyaci sunansa, a gwama da katinsa da lambar ledar. Ma'aikaciyar jinya ta tsaya kusa minti 15 na farko, domin a lokacin ne mugun tasiri ya fi bayyana, kuma leda ba ta wuce awa 4 a rataye.

KUSKUREN ALƘALAMI

A nan ne mu malaman makaranta muke da abin faɗi. Binciken ƙasashen da ke ƙidaya irin wannan haɗari ya nuna cewa mafi yawan lokutan da aka sa wa mutum jinin da ba nasa ba, laifin ba na na'ura ba ne, na rubutu ne: an maƙala sunan wani a kwalbar wani. Mu kuwa ƙasa ce mai yawan takwara. Mun taɓa ganin an musanya wa ɗalibai biyu masu suna ɗaya makin jarrabawa, wanda ya ci aka ce ya faɗi. Wannan mun gyara shi cikin mako guda. Amma in A'isha Muhammadu biyu suka kwanta a ɗakin haihuwa guda, aka musanya musu leda, wa zai gyara? Don haka suna kaɗai bai isa ba, sai da lambar kati da shekaru.

Tsarin tabbatar da inganci bai wuce wannan ba: a rubuta yadda ake kowane aiki, a koya wa ma'aikaci, ya yi yadda aka rubuta, ya rubuta abin da ya yi, wani na dabam ya zo ya duba. Kowace leda a iya bin sawunta daga hannun da ta fito zuwa hannun da ta shiga. In an yi kuskure a faɗa, don a toshe ƙofar da ya shigo. Wurin da ake ɓoye kuskure don tsoron faɗa, can yake maimaituwa. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a dokar kafa hukumar kula da jini ta ƙasa domin tsare waɗannan ƙa'idodi, amma doka ba ta buɗe firji da asuba, sai mutum mai amana.

RABONMU A CIKI

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. In sai jini ya ɓalle za a shiga neman ɗan'uwa, ko a sayo daga mai sayar da jininsa wanda zai ɓoye ciwonsa don kuɗi, to, mu da kanmu muke tura ma'aikaci ya yi gaggawa. Jinin da ya fi aminci shi ne na mai bayarwa don Allah, a kai a kai. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba cikin wajen lita 5 da ke jikin baligi, kuma namiji mai lafiya na iya bayarwa kowane wata 3.

Muna roƙon magidanta su bar matansu su je awon ciki, a san rukunin jininsu tun da wuri. Manyan ɗalibai da malamai da matasan manoma, daga Ɗanja har Faskari, su ba da jini tun farkon damina kafin zazzaɓi ya kankama. In kuma aka ce ku dakata ana gwaji, ku dakata, ku ma tambaya ko an gwada. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.