Shin Ko Kun San? Tryon Edwards, Faston da Ya Tara Zantukan Hikima

Shin ko kun san cewa Tryon Edwards, limamin coci ɗan ƙasar Amurka, ya yi shekaru masu yawa yana wa'azi, amma a yau an fi tunawa da shi saboda maganganun wasu mutane da ya tattara?

• An haife shi a birnin Hartford na jihar Connecticut a 1809, ya rasu a Detroit a 1894.

• Gidansu gidan malamai ne. Shi tattaɓa-kunne ne ga Jonathan Edwards, mashahurin mai wa'azin nan da ya rasu a 1758 yana shugabancin kwalejin da ta zama Jami'ar Princeton. Kakansa ma fasto ne, kuma ya shugabanci Kwalejin Union.

• Ya kammala karatu a Yale a 1828, ya taɓa karatun lauya, sannan ya koma ilimin addini a Princeton.

• Ya riƙe coci a Rochester daga 1834, ya koma New London a 1845, daga baya kuma ya yi aiki a Hagerstown ta jihar Maryland.

• Yana Hagerstown ne ya haɗa kai da wani fasto, James Wightman, suka kafa Kwalejin Wilson domin ilimin mata a 1869, a garin Chambersburg. Sarah Wilson ce ta ba da gudummawar kuɗin, shi ya sa makarantar ta ci sunanta.

• Wa'azozin da Jonathan Edwards ya yi kan ƙauna a 1738 sun zauna fiye da shekara 100 ba a buga su ba, sai da Tryon ya tace rubutun ya fitar da su littafi mai suna Charity and Its Fruits.

• A farkon shekarun 1850 ya wallafa tarin gajerun zantuka, The World's Laconics, da sunan aro: Everard Berkeley.

• Babban aikinsa, A Dictionary of Thoughts, ya fito a 1891, lokacin ya haura shekara 80 a duniya.

• Abin da ya bambanta littafin shi ne tsarinsa. John Bartlett, mai kantin littattafai da ya fitar da nasa tarin a 1855, bisa sunayen marubuta ya jera zantukan. Edwards kuwa bisa batutuwa ya jera su, bi da bi kamar ƙamus. Mai shirya wa'azi ko jawabi kan haƙuri, gaskiya ko mutuwa, sai ya buɗe babin ya tarar da abin da magabata suka faɗa wuri guda.

• Bai tsaya ga na wasu kaɗai ba. Ya sanya nasa zantukan a ciki, da sunansa a ƙasa.

• Bayan rasuwarsa, wasu editoci sun faɗaɗa littafin suka sa masa suna The New Dictionary of Thoughts, aka ci gaba da buga shi har cikin ƙarni na 20.