Ciwon Suga da Nawar Tumbi



In aka ambaci ciwon suga, hankali kan tafi ga ido, ko ƙoda, ko gyambon ƙafar da ya ƙi warkewa. Yau tumbi za mu leƙa.

Akwai wata doguwar jijiya da likitoci ke kira vagus. Daga gindin ƙwaƙwalwa take saukowa, ta bi wuya da ƙirji har cikin ciki. Ita ke sa tumbi ya tsatso ruwan tsamin da ke narkar da abinci, ita ke sa shi ya matsa ya tura abincin hanji. A bangon tumbin kuma akwai wasu ƙwayoyin halitta masu ba shi kari, kamar makaɗi a wurin gayya, sau uku a minti guda. Sunan Santiago Ramón y Cajal suke ɗauke da shi, ɗan Sifaniyan da ya ci kyautar Nobel a 1906.

Suga in ya yi shekaru yana hawa, yakan ci jijiyar da ƙwayoyin duka biyun. Ruwan tsamin na iya raguwa, tumbin ya yi nawa. Abincin da ya kamata ya wuce cikin awa huɗu sai ya kwana. Loma kaɗan mutum ya ƙoshi, ciki ya kumbura, zuciya ta riƙa tashi. Wani ma da asuba zai amayar da tuwon daren jiya. Tun 1958 likitoci suka raɗa wa wannan ciwo suna gastroparesis diabeticorum. Mu kuwa sai mu ce olsa ce, mu nufi kemis.

A nan gizo ke saƙar. Mai ciwon ya yi allurar insulin, ya ci abinci. Allura ta kama aiki, abincin yana zaune a tumbi. Suga ya faɗi: zufa, karkarwa, jiri, wani har suma. Can da dare abincin ya isa hanji, sugan ya yi sama, hawan nan kuma shi kansa yana ƙara wa tumbi nawa. Sai a zargi bawan Allah da rashin kiyaye doka, alhali ba laifinsa ba ne.

Shawarar likitoci ita ce a ci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, a tauna sosai, a rage maiƙo da ɗanyen ganye. Mai ruwa-ruwa, irin farfesu, ya fi saurin wucewa. Kada a kishingiɗa da gama ci. Batun sauya lokacin allura kuwa, wannan sai likita ya duba awon sugan tukuna.