Masu Shafukan Intanet, Ku Daina Korar Baƙinku da 404

A lokacin ɗaukar ɗalibai da ya gabata, wata kwaleji mai zaman kanta, wadda ba zan kama sunanta ba, ta fitar da jerin sunayen waɗanda ta ɗauka a shafinta na intanet. Linkin ya zagaya WhatsApp, daga zauren iyaye zuwa na tsofaffin ɗalibai, har aka buga shi a takardar sanarwa aka manna a ƙofar makaranta. Ana tsaka da haka sai hukumar makarantar ta ga ya kamata a yi wa shafin kwaskwarima. Yaron da aka ba aikin ya sauya launi, ya sa katafaren hoton shugaba, sannan ya sauya adireshin kowane shafi na ciki. Tun daga ranar, duk wanda ya danna tsohon linki babu abin da zai gani sai farin allo da ɗan rubutu da Turanci: 404 Not Found.

Ku dubi abin da wannan sakaci ya jawo. Wata uwa ta ɗauka an cire sunan 'yarta ne, ta kwana ba barci. Wasu suka zaci data ce ta ƙare, suka sake saye, suka sake dannawa, abu ɗaya. Wasu suka biya kuɗin mota daga ƙauyukansu don su zo su duba da idonsu. Wasu kuwa nan take suka yanke hukunci cewa makarantar 'yan damfara ce, sun karɓi kuɗin fom sun rufe shafi. Alhali jerin sunayen yana nan daram, wuri kawai ya sauya. Abin haushin ma shi ne babu wanda ya lura a cikin ma'aikatan, domin su ta shafin farko suke shiga, komai kuwa a can lafiya lau yake. Sai da koke ya yi yawa sannan aka farga.

Ko ɗan kasuwar Kantin Kwari idan ya tashi daga shago ya kan bar rubutu a jikin ƙofa, ko ya faɗa wa maƙwabci layin da ya koma, don kada abokin ciniki ya zo ya juya. Me ya sa mai shafin da ya biya kuɗin suna da kuɗin masauki duk shekara zai kasa yin wannan ɗan abu?

Ita dai lambar 404 ba wani abin tsoro ba ce. Duk lokacin da ka buɗe shafi, wayarka tana aika tambaya ga kwamfutar da ke ajiye da shi, ita kuma ta amsa da lamba. Idan komai daidai ne, amsar 200 ce, ba ka ma ganinta. Idan kwamfutar ce ta samu matsala, 500 ce ko 503. Ita 404 ma'anarta sabis ɗinka lafiya, an kai saƙonka, gidan ma yana nan, amma babu komai a adireshin da ka nema. Kuma abin ya zama ruwan dare. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke intanet a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma, sannan kashi 23 cikin 100 na shafukan labarai da ta duba suna ɗauke da aƙalla mataccen linki ɗaya. Tun a 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya yi rubutu yana gargaɗin masu shafuka da su daina sauya adireshi. Har yau ba mu ji ba.

A wajenmu kuwa illar ta fi tsanani. Baƙinka da dama ba ta Google suke zuwa ba, ta linkin da wani ya tura musu ne a WhatsApp ko Facebook. Da zarar linki ya fita hannunka ba ka da iko a kansa. Zai yi wata da watanni yana yawo a wayoyin mutane, ba za ka iya bi ka gyara ba. Saboda haka rigakafin farko shi ne kada ka taɓa adireshin da ka riga ka yaɗa. In kuwa dole ne, ka sa umarnin 301, wanda zai ɗauki mai tsohon linki ya kai shi sabon wuri ba tare da ya ma sani ba. Masu WordPress, wanda fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke amfani da shi, akwai ƙaramar manhaja mai suna Redirection da ke yin wannan kyauta. Duk wanda ka ba kwangilar sabunta shafi, kada ka cika masa kuɗinsa sai ka ɗauko tsofaffin linkunan da ka taɓa turawa ka gwada su ɗaya bayan ɗaya a gabansa.

Duk da haka ba za a rasa wanda zai faɗa rami ba, ko don ya yi kuskuren harafi, ko linkin ya guntule wajen kwafa. A nan ne shafin 404 naka na kanka zai yi aiki, kuma a nan ne na fi ganin ganganci. Mutum shafinsa kacokan da Hausa yake, masu karatunsa Hausawa ne, amma ranar da suka ɓata hanya, ranar da suka fi bukatar a yi musu magana, sai ya bar su da Turancin injiniyoyi. Haba! Jimla biyu ce fa. Ka rubuta: "Yi haƙuri, ba mu sami wannan shafi ba. Wataƙila an matsar da shi, amma ba laifin wayarka ko datarka ba ne." Wannan jimla ta biyu kaɗai za ta hana mutum ɓarnar kuɗinsa.

Bayan haƙuri sai hanya. Sunanka da tambarinka su fito sarai, don baƙo ya san bai faɗa hannun ɓarayi ba. Ka sa akwatin bincike. Ka jera abubuwa uku ko huɗu da aka fi zuwa nema: in makaranta ce, sakamako da fom da kuɗin makaranta, in shago ne, kayan da ke ƙasa yanzu, in jarida ce, labaran yau. Ka sa maɓallin da zai kai mutum ga wanda zai amsa masa, ba akwatin imel da aka shekara ba a buɗe ba. Kuma shafin ya zama mara nauyi. Na ga masu cika shi da bidiyo da hotuna masu motsi wai don ban dariya. Wanda ke neman sunan ɗansa da ragowar megabait kaɗan, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ba dariya ta kawo shi ba. Aikin kuma ba mai wuya ba ne: a WordPress fayil ɗaya ne mai suna 404.php a cikin jigon shafin, a kwamfutar da ke aiki da Apache kuwa layi ɗaya ne a fayil ɗin .htaccess.

Akwai wata dabarar ragwaye da ya kamata a guje mata, wato a sa duk mataccen linki ya riƙa jefa mutum shafin farko ba bayani. Mutum ya danna don ya ga farashin turare, sai ya tsinci kansa a jawabin maraba, ya koma ya sake dannawa, ya sake dawowa nan. Wannan ruɗarwa ce kawai, kuma ita kanta Google tana lissafa irin wannan a matsayin kuskure. A bar shafin ya faɗi gaskiya, ya kuma ci gaba da mayar da lambar 404 ga injunan bincike. Sannan a riƙa leƙa Google Search Console, wanda kyauta ne, yana nuna adireshin da aka nema ba a samu ba.

Kai kuma mai karatu, idan ka ci karo da 404 kada ka yi saurin sayen data. Ka goge ƙarshen adireshin ka bar sunan shafin kaɗai, ka nema daga can. In tsohon rubutu ne, ka gwada Wayback Machine, rumbun da ke adana kwafin shafuka tun 1996. Kada kuma ka yarda da wanda zai turo maka wani "sabon linki" yana neman lambar katinka ko BVN, domin a irin wannan ruɗani 'yan damfara ke cin kasuwarsu.

Mai shafi, ga jarrabawar da za ka yi wa kanka yau. Ɗauki wayarka, rubuta adireshin shafinka, ka ƙara wasu haruffa na shirme a bayansa, ka danna. Abin da ya fito, shi mutane ke gani da sunanka. In ka ji kunyarsa, kira mai kula maka da shafi kafin ka kwanta.