Sabuwar rediyo, tsohuwar tiwita: kuskuren da ke ƙona sautin motocin da ake shigowa da su

A garejojin Yamai, Maraɗi da Damagaram, matasa masu mota sukan nemi a sauya musu rediyo. Ana cire wadda mota ta zo da ita, a dasa mai faffaɗan allo ta Android. Ranar farko kiɗa na tashi lafiya. Bayan 'yan kwanaki sai muryar mawaƙi ta dushe, ƙaramar lasifikar da ke kusa da gilashin gaba ta fara ƙarar tsagewa, daga nan ta yi shiru. Ita ce masu gyara ke kira tiwita.

Matsalar ta fi shafar motocin da 'yan uwa ke aikowa daga Amurka ko Beljiyam, musamman Toyota masu tsarin sauti na JBL da Nissan masu na Bose. A irin waɗannan motoci, rediyo ba ita ke tura lasifika kai tsaye ba. Akwai ampili, wato akwatin ƙara ƙarfin sauti, a ɓoye ƙarƙashin kujera ko a but. Idan sabuwar rediyo ta kasa tayar da shi, mai gyara yakan tsallake shi, ya haɗa wayoyin rediyo da na lasifika kai tsaye.

A nan ɓarnar take farawa, domin ampilin kamfani ba ƙara ƙarfi kaɗai yake yi ba, shi ne yake raba sauti. Kunnen ɗan Adam yana ji daga hertz 20 zuwa 20,000. Babbar lasifikar ƙofa ce ke ɗaukar sauti mai kauri, irin na ganga, ita kuwa tiwita an ƙera ta ne don siririn sauti na sama da hertz dubu biyu ko uku. A motoci da yawa masu ampili, tiwita tana da nata layin daban kuma ba ta da wata kariya a jikinta. Da zarar an tsallake ampilin, kaurin sauti yakan afka mata, siririyar wayar cikinta ta yi zafi ta ƙone. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana ƙara mata wahala tunda tana zaune a rana.

Maganin ƙarami ne: kondansata marar gefen tabbatacce da korau, a jera shi kan wayar da ke shiga tiwita. Yana tare kaurin sauti, ya bar siririn ya wuce. Ga tiwita mai ohm 4, kondansata mai mikrofarad 10 yana fara rage sauti daga kusan hertz 4,000 zuwa ƙasa, mai 6.8 daga kusan 5,900, mai 4.7 kuwa daga kusan 8,500. Sai dai a fara cire tiwitar a duba bayanta, domin a motocin da ba su da ampili sau da yawa an riga an liƙa mata nata tun daga kamfani.

Abu na biyu shi ne awo. Yawancin rediyoyin kasuwa an yi su ne don lasifika mai ohm 4 zuwa 8, alhali lasifikokin ƙofa na JBL da Bose sukan zama ohm 2. Irin wannan lasifika tana jan wuta fiye da ƙarfin rediyo, sai ta yi zafi tana ɗaukewa, ko ta ƙone. Mita tana nuna gaskiya cikin minti ɗaya: lasifika mai ohm 4 takan nuna tsakanin 3 da 4. Gwajin da ake yi da batir don gano wayar lasifika kuwa na babbar lasifika ne, bai dace da tiwita ba.

Ga wanda bai so a yanka wayoyinsa, akwai haɗin waya na musamman da kamfanoni irin su PAC da Axxess ke ƙerawa, wanda yake barin ampilin kamfani ya ci gaba da aiki da sabuwar rediyo. Ana sayensa ne daidai da samfurin mota da shekarar ƙirarta, don haka ɗan uwan da ke shirin loda mota a tashar jiragen ruwa ta Anvers zai sauƙaƙa wa na gida idan ya jefa shi cikin motar tun daga can.

Kafin a taɓa komai, a cire wayar korau ta batir. Ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba, inda ake dasa tiwita a wasu motoci, nan ne kuma jakar iska ta kariya take bi, kuma mahaɗan wayoyinta rawaya ne, ba a taɓa su. Mai mota kuma yana da tambayoyi biyu da zai yi wa mai gyara kafin a ɗauki almakashi: nawa lasifikar ta nuna a mita, kuma me zai kare tiwita idan an tsallake ampili.