Fitilar inji: yau ta kama, gobe ta mutu

Da yawa daga cikin motocin da ke yawo a titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun ci zamaninsu a Turai ko Amurka kafin jirgin ruwa ya sauke su Kwatano ko Lome. A kan tablon irin waɗannan motoci akwai wata ƴar fitila mai ruwan goro da siffar inji. Idan ta kama ta zauna, mai mota ya san yana da magana da bakanike. Wadda ke ɗaure kai ita ce mai kamawa yau, gobe ta mutu, a yi mako guda lafiya lau, sannan ta dawo ana tsakiyar tafiya tsakanin Doso da Birnin Ƙonni. Ran da aka kai ta garaji kuwa sai ta yi lamo, kamar yaron da ciwonsa ke warkewa da ganin allura. Daga nan kuɗɗi ke fara zuba: a sake buji, a sake filtar, a sake fanfon mai, albashin ma'aikaci ya tafi, fitila tana nan da halinta.

Fitilar ba da ka take aiki ba. Mota mai injaktar tana da ƙaramar kwamfuta, wadda kanikawa ke kira kalkilatar. Ita ke sauraren na'urorin da ke auna iskar da ke shiga, zafin ruwa, juyin inji da hayaƙin da ke fita, domin ta haɗa wajen awo 14,7 na iska da awo ɗaya na isansi. Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta wa masu ƙera motoci tsarin bincike iri ɗaya, OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin isansi, a 2004 ga na gazuwal. A wannan tsari, galibin kurakurai sai kwamfuta ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila. In aka yi tafiya uku a jere ba ta sake ganin kuskuren ba, ita da kanta za ta kashe. Amma lambar kuskuren tana nan ajiye cikin ƙwaƙwalwarta, sai inji ya yi sanyi ya ɗau zafi sau 40 lafiya kafin ta shafe. Ke nan mutuwar fitila ba warkewa ba ce, kuma shaida ba ta ɓace ba.

Wannan shaida ita ce direbobi da yawa ke rushewa da hannunsu. An saba a cire kan batir na ɗan lokaci don fitila ta mutu. A tsofaffin motoci da dama hakan yana shafe lambar, tare da bayanin da kwamfuta ta ɗauka daidai lokacin da abin ya faru: gudun mota, juyin inji, zafin ruwa. Abin da ya dace shi ne a kai mota wurin mai na'urar bincike, wadda ake kira baliz, ko da fitilar ta mutu. Ana soka ta ne a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin tablo, yawanci kusa da sitiyari. Mai mota ya nemi a rubuta masa lambar a takarda kafin a goge komi. Bakaniken da ya goge, ya karɓi kuɗɗi, ya ce an gama, bai gyara komi ba.

Ita lambar ma ba sunan kayan da za a saya ba ce. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa. Masu gaggawa sai su ɗora laifin kan na'urar auna hayaƙi, sondi lamda, alhali ita gaskiya ta faɗa. Ainihin ciwon kan zama tsagaggen tiyon iska, wanda ke buɗewa in inji ya girgiza, ko filtar mai da ta toshe, ko na'urar auna iska da ƙura ta lulluɓe. P0302 na nufin silinda ta biyu tana tsallake wuta. A motar da kowace silinda ke da bobin nata, ƙwararre kan musanya bobin na biyu da na uku: in lamba ta koma P0303, an kama ɓarawo, in ta tsaya, a duba buji da injaktar. Wannan gwaji bai cin ko dala.

Sauran aikin na mai mota ne, don shi ke tare da ita dare da rana. Ya riƙe ɗan littafi, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta bashi, ya riƙa rubuta lokacin da fitila ta kama. Da sanyin asuba ne, ko da zafin rana na watan Afirilu? Bayan ruwan sama ko wankin inji? A hanya mai gargada, ko a dogon gudu bisa kwalta? Ciwon da ke zuwa da danshi yana nuni ga wayoyin buji da bobin. Wanda ke zuwa da gargada kusan kullum haɗin waya ne da ya saki, ko wayar mas da ta yi tsatsa. Bakanike kan tayar da inji ya bi wayoyi yana motsa su ɗaya ɗaya har inji ya yi tuntuɓe. A auna wuta kuma: batir mai lafiya yana ba da wajen bolt 12,6 in mota na kashe, 13,5 zuwa 14,5 in inji na aiki. Altanato mai rauni yana iya sa kwamfuta ta zargi na'urorin da ba su da laifi.

Ƙasar nan tana da nata rabo cikin lamarin. Ƙurar hunturu tana cika filtar iska tun kafin wa'adin da aka rubuta don hanyoyin Turai, kuma yawan busa ta da iska mai ƙarfi yana huda takardarta. Ga batun mai: ko da yake matatar SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011, isansin kwalba na ƴan ruwa-ruwa bai bar bakin titi ba, kuma ruwa ko datti kaɗan a ciki ya isa ya kunna fitila har sai tanki ya ƙare. Motocin Amurka suna da ƙarin fitina, domin suna gwada ko tanki na zubar da tururi. Murfin da ba a ɗaure da kyau ba ya isa. Lambar P0420 kuwa ta katalizar ce, tukunyar tace hayaƙi. In ta fara gajiya, fitila kan zo ta tafi. In kuwa an riga an fashe ta an kwashe cikinta saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, babu sondin da zai kashe fitilar.

Wuri ɗaya ne ba a jinkiri. Idan fitila tana ƙyaftawa, inji yana rawa, ɗanyen mai ne ke shiga bututun hayaƙi, kuma yana iya narkar da katalizar. A rage gudu, a nemi wurin tsayawa. Jar fitilar man inji ko ta zafi ta fi wannan ma gaggawa: ita a kashe inji nan take.

Masu tsofaffin Toyota na kafin wannan tsari, irin su Starlet da Corolla na farkon shekarun 1990, ba su buƙatar baliz. A cikin ɗan akwatin bincike, galibi kusa da inji, ana haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a ƙirga ƙyaftawar fitila. Biyu, ɗan shiru, sannan ɗaya, 21 ke nan, wato sondi lamda. Ƙyaftawa daidai wa daida ba tsayawa na nufin babu abin da aka ajiye.

Mai sayen mota kuma ya murɗa makulli ya dubi tablo tun kafin a fara ciniki. Dole fitilar ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, ko dai ƙwanta ya ƙone, ko wani ya zare shi.