Cutar da Ke Lafewa a Jini: Karnukan Teriya da Gwajin Gado

Mafarauci a ƙasar Zazzau ba ya karɓar kwikwiyo da ka. Sai ya tambayi karyar da ta haife shi: tana da gudu, tana bin sawu, tana tsayawa in gafiya ta juyo ko ja da baya take yi? Ya tambayi uban ma. Makiyayi haka yake yi in zai zaɓi bijimin da zai bari a garke, domin kowa ya san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai hanyar da gudu da jarumta ke bi su sauka ga ɗa, ita ce wasu cututtuka ke bi. Gudu ana ganin sa a fili. Cutar kuwa tana iya lafewa a jikin uwa da uba har su tsufa su mutu ba ta taɓa su ba, sai a kan 'ya'yansu za ta tashi. Cikin dabbobin da aka fi bin diddigin wannan al'amari a kansu akwai wani dangin karnuka na Birtaniya da ake kira teriya.

Asalinsu karnukan aiki ne, ƙanana, masu zafin nama da taurin kai. Manoman Ingila da Sikotlan da Ayalan sun riƙe su don kashe ɓeraye a rumbu da kutsawa rami su koro yanyawa. Kowane yanki da irin nasa, kuma ba wanda ya damu da launi ko tsayin kunne muddin kare yana aikinsa. Wani limamin coci a lardin Devon, John Russell, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1883, ya shafe rayuwarsa yana kiwon irin waɗannan don farauta, har sunansa ya bi su: Jack Russell.

Abubuwa sun sauya da aka fara gasar nuna karnuka. An yi ta farko a Newcastle a 1859, sannan a 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club, wadda ta buɗe littafin rubuta asalin karnuka. Sannu a hankali kowane iri ya samu siffar da aka ƙayyade masa a rubuce, aka kuma rufe ƙofa: kare ba ya shiga littafin sai uwarsa da ubansa suna ciki. Namijin da ya ci gasa sai kowa ya kai masa karyarsa barbara, ya haifi ɗaruruwa. Jikokinsa kuma a haɗa su da juna don siffar ta zauna. Siffa ta zauna ɗin, amma duk wani aibi da ke ɓoye a jinin wannan namiji guda shi ma ya zauna, ya bazu cikin iri baki ɗaya.

Yadda abin ke aiki ba baƙo ba ne ga mai karatu a ƙasar Hausa, saboda mun san shi ta hanyar sikila, wato amosanin jini. Kowace ƙwayar gado biyu ce a jiki, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AS yana ɗauke da ƙwaya ɗaya mai matsala, amma lafiyayyar ta rufa mata asiri, yana harkokinsa lafiya lau. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan ne ya sa ake matsa wa masu shirin aure su yi gwajin jini, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Darajar ɗan Adam daban take da ta dabba, amma ƙa'idar gado da Allah ya shimfiɗa iri ɗaya ce a jikin mutum da saniya da kare da wake. Yawancin cututtukan teriya da aka gano tushensu wannan lissafi suke bi: akwai kuɓutacce, akwai mai ɗauke da cuta a ɓoye, akwai wanda ta kama.

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce gocewar madubin ido. A cikin ido, bayan baƙin, akwai wani ɗan madubi garai-garai da ke tattara haske, wanda wasu siraran zaruruwa ke riƙe da shi ta kowane gefe. A jikin karen da ya gaji ƙwaya mai matsala daga uwa da uba, zaruruwan nan rarrauna ne tun haihuwa, suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da wata alama ba. Rana ɗaya sai madubin ya goce ya faɗo gaba, ya toshe hanyar da ruwan ido ke fita. Ido ya yi ja, ya kumbura, ya yi hazo, kare ya riƙa runtse shi yana zubar da hawaye, ya ƙi abinci, ya nemi lungu mai duhu ya kwanta. In ba a yi masa aiki cikin gaggawa ba, idon ya tafi cikin 'yan kwanaki, kuma galibi ɗayan ma yana biyo baya. Ana samun ta a Jack Russell da ƙaramin Bull Teriya da wasu danginsu.

Abin da ya sa ta yi wuyar kawarwa shi ne lokacin da take bayyana, yawanci tsakanin shekara 3 zuwa 8. Karya kuwa tun tana da shekara ɗaya ko biyu ta fara haihuwa. Kafin mai ita ya san da cutar, ta riga ta zuba ciki biyu ko uku, 'ya'yan sun watsu gidaje, wasu ma sun haifi nasu. Masu kiwo na gaskiya sun daɗe suna cire duk karen da ya makance daga barbara, amma kullum a makare suke. Sai a 2009 masu bincike a Ingila da Jami'ar Missouri ta Amurka suka gano ainihin ƙwayar da ke da laifi, wadda ake kira ADAMTS17, aka fitar da gwaji. Yanzu ɗan tsinke mai auduga ake gogawa a cikin kumatun kwikwiyo, a sa a ambulan, a aika ɗakin gwaji, sakamako ya dawo tun bai yi wayo ba.

Labarin teriyan Bedlington ya ɗan bambanta. Sunan wani garin masu haƙar kwal ne a arewacin Ingila, karen kuma gashinsa a nannaɗe yake, in ka hango shi sai ka ce ɗan rago ne. Jiki na buƙatar jan ƙarfe kaɗan daga abinci, hanta kuma ita ke fitar da rarar ta cikin ruwan matsarmama. Hantar Bedlington mai cutar ba ta iya fitarwa, sai jan ƙarfen ya yi ta taruwa shekara da shekaru har ta lalace. Kare ya rame, ya riƙa amai, idonsa ya yi shawara, ciki ya tara ruwa. An bayyana cutar a 1975, kuma da aka bincika sai aka tarar ta mamaye babban kaso na irin. A lokacin ba yadda za a gane ta sai an tsaga an gutsuro hanta an auna, shi ma mai ɗauke da ita a ɓoye ba ya nunawa. A 2002 masana a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka gano cewa wani yanki ne ya ɓace daga ƙwayar da yanzu ake kira COMMD1. Gwaji ya rage cutar ƙwarai. Duk da haka an ci gaba da samun wasu karnukan da hantarsu ke tara jan ƙarfe alhali gwajin ya wanke su, abin da ya nuna akwai wasu ƙwayoyin da ke da hannu. Takardar gwaji cuta guda take magana a kai, ta hanya guda, ba shaidar cikakkiyar lafiya ba ce, kuma ya kamata mai saye ya riƙe wannan.

Akwai kuma kurumta, wadda son farin launi ya jawo. A shekarun 1860 wani mai sayar da karnuka a Birmingham, James Hinks, ya fitar da Bull Teriya fari fat, mutane suka yi rububinsa. Ashe ƙwayoyin da ke ba fata da gashi launi suna da aiki a can cikin kunne, in babu su sashen da ke karɓar sauti yana mutuwa cikin makonnin farko bayan haihuwa. Binciken George Strain na Jami'ar Jihar Louisiana ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na fararen Bull Teriya kurma ne a kunne ɗaya ko duka biyu, masu launi kuwa da ƙyar ake samu. Wanda kunnuwansa biyu suka mutu ba ya ɓuya: 'yan'uwansa su farka da ƙarar kwano, shi yana ta barci. Mai kunne ɗaya ne matsala, don in ka tafa zai waiwayo, kuma zai gadar. Shi sai da na'ura: a sa masa abin sauti a kunne, a maƙala siraran wayoyi a fatar kai, a duba ko ƙwaƙwalwa ta amsa. Tun kwikwiyo na da mako shida ake iya yi.

Sauran suna da yawa. Teriyan Sikotlan na gadon wata cuta da ke hana jini daskarewa, ƙaramin yanka ya zama abin tashin hankali. Teriyan Staffordshire na gadon yanar ido tun yana ƙarami, da wata cutar ƙwaƙwalwa mai sa farfaɗiya da tangaɗi. Ƙananan irinsu Yorkshire kuwa ƙoƙon gwiwarsu ke zamewa, ko kan ƙashin cinya ya mutu kafin su cika shekara, su kama ɗingishi.

Duk wannan ya shafe mu, domin kiwon karnukan waje ya zama sana'a a biranenmu. A Zariya, daga Tukur-Tukur da Tudun Wada zuwa Sabon Gari da Samaru, gidajen da ke ajiye kare don gadi sun daɗe da sanin Alsatian, yanzu kuma ga Rottweiler da Boerboel da pitbul, wanda shi kansa jinin teriya ne. Karnukan da aka shigo da su ƙasar kaɗan ne, kuɗinsu da yawa, don haka mai namiji ɗaya mai kyau shi kowa ke nema. In ya haifi mace ta girma, sau da yawa uban ake mayar mata, ko ɗan'uwanta, wai don kada jini ya gurɓata. Kuskuren da Turawa suka yi shekara fiye da ɗari ke nan, kuma su sun fara ja da baya: bayan wani shirin talabijin na BBC a 2008 ya fallasa halin da karnukan asali ke ciki, Kennel Club ta daina rajistar 'ya'yan da aka samu tsakanin uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa, daga 2009. Abin takaici ne mu ɗauki abin da suka yar. Kwikwiyon da aka samu ta wannan hanya kyan ɗan maciji gare shi, kuma dabbar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba ita ke shan azabar.

Gaskiya ne abin da ya fi kashe kwikwiyo a nan gudawar jini ce da tsutsar ciki da cututtukan kaska, kuma rigakafin haukan kare, wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke haɗawa, ya fi kowane gwajin gado gaggawa, tunda ran mutum ne a ciki. Amma wanda zai kai kare barbara ya sayar da 'ya'ya ya ɗauki wani nauyi na daban. Mutumin Zariya kuma ba shi da uzurin nisa. Jami'ar Ahmadu Bello na da tsangayar likitancin dabbobi tun tsakiyar shekarun 1960, da asibitin koyarwa a Samaru mai sashen ƙananan dabbobi. Likita zai murza gwiwa da hannu ya ji ko ƙoƙon na zamewa, ya saurari zuciya, ya haska ido, ya ɗauki hoton ƙugu, ya auna fitsari ya ga halin ƙoda. Gwajin ƙwayoyin gado yawancin ɗakunansa a Turai da Amurka suke, amma auduga ce a ambulan. Ko ba a kai ga wannan ba, mai saye yana iya cewa a nuna masa uwa da uba, ya tambayi dangantakarsu, ya tambayi inda 'ya'yan cikin baya suke da yadda suka ƙare. Mai kiwon da ya fusata da waɗannan tambayoyi, a bar masa kayansa.

Karen gida da muke rainawa yana da wata fa'ida a nan. Jininsa a gauraye yake, don haka da wuya ƙwaya mai matsala ta haɗu da irinta a jiki ɗaya. Shi ma yana ciwo, amma ba a san shi da jerin cututtukan da suka zama tambarin iri guda ba. Mafarautan da ke nemo namiji daga wani gari don karyarsu suna kan hanya madaidaiciya.

In gwaji ya nuna kare na ɗauke da cuta a ɓoye, ba a cewa a kawar da shi daga kiwo nan take. Masana sun yi gargaɗi a kan haka, musamman a irin da yawansu kaɗan ne kamar ƙaramin Bull Teriya, domin in aka zubar da duk masu ɗauke da ita lokaci guda, sauran da za a dogara da su sun yi kaɗan, jini ya ƙara ƙuntata, wata cutar da ba a san da ita ba ta fito. Abin da ake yi shi ne a haɗa mai ɗauke da cuta da kuɓutacce. Ba ɗan da zai gaji ƙwayar daga ɓangare biyu, kusan rabin 'ya'yan kuma za su fito kuɓutattu. A gwada su, a zaɓi mafi kyau daga kuɓutattun ya maye gurbin mai ɗauke da cutar, cikin zuriya kaɗan cutar ta fita daga gidan, kyawawan halayen kuma suna nan. Wanda cutar ta riga ta kama ba a kai shi barbara, amma yana da haƙƙin kulawa: Bedlington ana rage masa abinci mai jan ƙarfe kamar hanta, a ba shi maganin da ke fitar da shi daga jiki, teriya mai raunin madubin ido kuma ana duba idonsa a kai a kai tun yana ɗan shekara biyu, don a tari gocewar kafin ta makantar da shi.