Yadda Na Kai Iyalina Ganin Birnin Kano

 Ina so in ba ku labarin wata tafiya da na yi, wadda ba fatauci ya kai ni ba, ba kuwa biki ko ta'aziyya ba. Iyalina kurum na ɗauka na kai su ganin Kano, muka kwana uku muka komo.

Ni mutumin ƙasar Daura ne, sana'ata fataucin hatsi da wake. Shekara 26 ke nan ina kai da kawowa a kan hanyar Kano, in sauke kaya a Dawanau, in sari yadi a Kantin Kwari, in juyo gida. Da wani ya ce mini ban san Kano ba, da mun yi jayayya. Ran nan sai 'yata ta ce, "Baba, in mutum ya hau Dala, me yake hangowa?" Na buɗe baki na rasa ta cewa, don kuwa ban taɓa hawa ba. Ashe kasuwa na sani, ban san gari ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Babban ɗana, mai shekara 15, saura izu tara ya sauke Alƙur'ani, sai zuciyarsa ta bar allo ta koma Kano. Wani sa'ansa ya gudu can, ya komo da waya da sabon takalmi yana ba su labari. Tun daga ran nan yaron nan ba shi da zance sai na birni. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza. Uwargida ce ta ba ni shawara, ta ce, "Malam, tun da gani ya kori ji, kai shi ya gani da idonsa, hannunsa yana cikin naka. In ba ka kai shi da rana ba, wata rana zai kai kansa da dare." Na auna maganar na ga gaskiyarta. Na ware ribar buhu goma na wake, na ce wannan ta tafiya ce.

Muka tashi ran Alhamis da sassafe, cikin hutun Maulidi na shekarar 1446, watau watan Satumba na 2024, mu biyar: ni, da uwargida, da babban, da yarinyar, da auta mai shekara shida. Muka bi ta Kazaure da Ɗambatta. Tun a mota na tambayi yaron hukuncin sallarmu. Ya ce tafiyar ta haura mil 48, ba mu kuwa yi niyyar zaman kwana huɗu ba, saboda haka ƙasaru za mu yi, sai fa in mun bi limami mazauni, mu cika tare da shi. Abin da ya daɗe yana biyawa a gaban malaminsa, ran nan ya fara aiki da shi. Muka sauka cikin birni, gidan fatomana na tun zamanin mahaifina. Matan gida suka karɓi uwargida, aka kawo mana gurasa.

Da la'asar sakaliya muka hau Dala. Kanawa suka ce mun yi dabara da muka riga ranar Takutaha, don a ranar mutane kan rufe dutsen har ba wurin sa ƙafa. Da muka kai ƙoli sai kowa ya yi shiru. Ga gari shimfiɗe gabas da yamma, kudu da arewa, har inda ido ya gaza. Ga Gwauron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci. A gindin dutsen nan garin ya faro, zamanin su Barbushe masu bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda. Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, sarakunan bayansa suka yi ta ƙarawa. Na ce wa yara su nemo mini ganuwar. Suka duba, suka duba, da ƙyar suka gano ɗan tudun jar ƙasa nan da can, don ruwan sama ya zaizaye wani sashi, gine-gine sun cinye wani. Ko Ƙofar Na'isa an rushe tsohon gininta a 2010 domin faɗaɗa hanya, aka sake gina ta. Wanda duk yake so 'ya'yansa su ga saura, to, ya hanzarta.

Kashegari da hantsi muka tafi Gidan Makama, inda ake ajiye kayan tarihi, daura da fadar Sarki. A nan muka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi, da hotunan dalar gyada. Yara ba su taɓa jin labarinta ba, sai na gaya musu yadda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyada ya buɗe, attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka riƙa tara buhuna kamar duwatsu. Yau ba ko ɗaya, sai hoto. Ma'aikacin gidan ya ba mu labarin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499: shi ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, shi ya kafa kasuwar Kurmi, a zamaninsa kuma Shehu Maghili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Kafin wannan, zamanin Sarki Yaji, Wangarawa suka zo daga Mali, malamai ne kuma fatake. Sunayen unguwanni ma shaida ne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi. Baƙi suka taru suka yi Kano, kowa kuwa ya zo da abu a hannunsa, ko littafi, ko haja, ko sana'a. Na dubi yaron na ce, "Kai da me za ka zo?" Bai amsa ba.

Muka yi Juma'a a babban masallaci, wanda Sarki Abdullahi Bayero ya sabunta gininsa aka buɗe a 1951, sa'an nan muka gangara marinar Ƙofar Mata. A bakin ƙofarta an rubuta 1498. Karofi ga su nan birjik, amma mafi yawansu sun bushe, kaɗan ne ke aiki. Muka iske wani dattijo tsugune, hannuwansa sun rine har gwiwa. Ya nuna mana yadda ake haɗa baba da toka da katsi a cikin ruwa, a bar su kwana da kwanaki har su nuna. Yana tsoma zane yana ɗagawa ya sha iska, sai ka ga ya fito kore-kore, kafin ka ƙifta ido ya juye shuɗi. A can gefe masu bugu suna ta aiki, sauti yana tashi bi da bi. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin garin suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Yaron ya ce, "Baba, shekara nawa mutum zai yi ya iya wannan aiki?" Dattijon ya yi dariya ya ce, "Ɗana, tun ina kamarka nake bakin ramin nan, har yau wani karofin yakan ba ni kunya."

Ran Asabar kuwa Allah Ya jarrabe mu. Muka shiga Kurmi, wadda lungunanta ba su fi mutum biyu su gifta ba. Muka bi ta wajen dukawa, da masu sirdi da linzami, da masu turare. Uwargida ta tsaya taya tasoshi, ni kuwa na ci karo da wani abokin ciniki, halin falke ya motsa, muka shiga zancen farashin wake. Ina tsammani auta yana wurin uwarsa, ita tana tsammani yana wurina. Ko da muka waiwaya, babu shi.

Jama'a, kada Allah Ya nuna muku irin wannan sa'a. Na bi lungu na fita wani, ina kira, muryata tana ɓacewa cikin hayaniya. Uwargida ta zauna a ƙasa tana salati. Tumbin giwar da nake yi wa kirari, ran nan na ji faɗinsa. Muna cikin haka, wajen rabin sa'a, sai wayata ta yi ƙara. Wata murya ta tsoho ta ce, "Kai ne mutumin Daura? Zo wajen masu littattafai, ajiyarka tana hannuna."

Muka iske auta zaune a kan buzu, tsakanin tarin Ishiriniya da Iziyya da Risala, yana cin dabino. Na ce, "Allah gafarta Malam, yaya aka yi ka same ni?" Sai ya miƙo mini wata 'yar takarda da ya samu a aljihun yaron. An rubuta sunana da garinmu da lambar wayata da unguwar masaukinmu, da ajami, hannu mai kyau. Ban san da ita ba. Ashe babban ne ya rubuta tun daren da muka iso, ya sa wa kowane ƙane ɗaya a aljihu, don ya ji abokinsa ya ce yara kan ɓace a birni. Tsohon ya tambayi wanda ya yi rubutun, na nuna masa. Ya dube shi ya ce, "Izu nawa ya rage maka?" Ya ce tara. Ya ce, "Je ka ƙarasa. Masu ƙarfin dako sun yi yawa a garin nan, masu irin hannun nan su ne kaɗan." Sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma, Alhaji, ranar da ka fito da iyali, bar ciniki a gida." Na sunkuyar da kai, don gaskiya ɗaci gare ta.

A daren, bayan lisha, na ɗauki yaron mu biyu muka tafi wata tasha. Na nuna masa samari sa'o'insa kwance a kan kwali a ƙarƙashin rumfuna, kowa ya yi matashi da takalminsa don kada a ɗauke. Ban ce masa kome ba, shi ma bai ce ba. Wannan ma Kano ce, kuma ita ce abokinsa bai ba su labarinta ba.

Ran Lahadi muka kai ƙanana gidan namun daji, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, suka ga zaki da jimina, muka kamo hanya. Ba zan ce muku son birni ya fita daga ran yaron ba, yana nan. Amma mun yi alkawari a gaban fatomana: in ya sauke, ni da kaina zan kawo shi in danƙa shi a hannunsa, ya koyi ciniki da rana, ya ɗauki karatun littattafai da dare. Ya koma allonsa.

To, 'yan'uwana fatake, da malamai masu riƙon 'ya'yan mutane, ga abin da na samo. Birni yana kiran yaranmu ko mun so ko mun ƙi, har cikin ɗaka yake iske su ta waya. Gara su fara ganinsa tare da uba, wanda zai nuna musu marina da masallaci, ya kuma nuna musu masu kwana a tasha. Wanda ya yi niyya ya nemi masauki wurin wanda ya sani, ya sa wa kowane yaro takarda a aljihu, ya raba tun daga gida wanda zai riƙe hannun wane. Ribar buhu goma ta tafi, ban kuwa taɓa yin cinikin da ya fi wannan riba ba. Yarinyar ma yanzu ita ke ba ƙawayenta labarin abin da ake hangowa daga kan Dala.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin. Haza wasalam.